Ni Na Sare Kwakwar Cibiyarka

Nakorotale,
Tsibirin Yanuvou,
19 ga Satumba.

Zuwa ga yayana Kitione, Baban Isireli,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda yake riƙe da mu a nan bakin teku, yake kuma riƙe da ku a can Ingila. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya ƙalau, kai da Torika da ɗan baƙonmu Isireli, wanda har yanzu a hoto kawai muka san shi. Yaya aiki, yaya bariki, yaya kuma gwiwar nan da ta hana ka gudu bara? Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare ka a aikin soja, ya raya mana yaron nan ya tashi da tsoron Allah da son dangi. Kullum da safe idan Baba ya buɗe addu'a sunanka ne na farko, kafin nawa, ni da nake dafa masa shayin.

Mu nan gida lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Baba ta kama hanyar warkewa tun da aka cire masa yatsan nan a watan Afrilu. Yanzu yana takawa da sanda har coci ya dawo, sai dai har yau in Inna ta juya baya sai ya ƙara cokalin sukari a shayi, in na kama shi ya ce wai hannunsa ne ya zame. Inna tana nan da saƙar tabarma, ta gama uku, ta ce ta huɗun ta Isireli ce, kuma ba za ta ba kowa ya kai ba, sai ya zo ya kwanta a kai da kansa. Gwaza ta yi kyau bana, rogo ma ba laifi. Alediyarmu ta haifi tara, ta danne ɗaya. An gama rufin coci. 'Yan ƙwallon zari-rugar ƙauyenmu kuwa sun je gasa sun dawo kowa yana ɗingishi yana zagin alƙalin wasa, ba wanda ya yarda ya faɗi ci nawa aka yi musu.

Yaya, saƙon muryarka ya iso. Na hau tudun bayan makaranta inda waya take kamawa, na zauna a kan dutse na saurare shi sau uku. Ka ce Momo Sakiusa, ƙanin Inna, ya kira ka ya shaida maka na sare kwakwar cibiyarka, wadda Baba ya dasa a kan cibiyarka da aka haife ka, saboda abin wasan Turawa. Ka ce in nemo tambuwa, haƙorin nan na babban kifin teku, in durƙusa gaban dangi in nemi gafara, in kuma ajiye aikin nan. In ban yi ba, kada in ƙara kiranka yaya, kuma ƙafarka ba za ta sake taka Nakorotale ba. Na san ba a tashe mu a kan ƙanwa ta tsaya gaban yayanta ta mayar masa da magana ba. Tun da na yi wayo ko tabarma ɗaya ban taɓa zama da kai ba. Shi ya sa na ɗauki biro, don in ka tsaya a gabana bakina ba zai buɗu ba. To ga amsata tun da wuri, don kada ka sha wahalar nema: e, ni na sare ta, da hannuna, da gatarin Baba. Tambuwa ba zan ɗauka ba, aikin ma ba zan bari ba. Amma ka daure ka karanta har ƙarshe, kada ka yi mini irin ta Momo, wanda da ya ji kan magana sai ya kwasa da gudu ya bar sauran a ƙasa.

Ka dai san shekara biyu na yi a Suva, babban birni, ina koyon tuƙa jirgi maras matuƙi, kuma da na gama aka turo ni gida da guda ɗaya. Mutanen ƙauye Jemage suke ce masa, ni ma na bi su. Yana da fukafukai dogaye, in ka kwanta kusa da su sun fi ka tsawo, da farfela huɗu a sama masu ɗaga shi tsaye, da ɗaya a gindi mai tura shi gaba. Aikinsa Talata da Juma'a ya ɗauki jinin da Nas Vasemaca ta ɗiba a ɗakin shan maganinmu, ya kai asibitin babban tsibiri, kilomita talatin da huɗu, ya dawo da sakamako da magani, har da allurar ciwon sugan Baba da ba ta son zafi. Kafin shi sai mu jira jirgin ruwa na bayan sati biyu, in teku ta yarda ke nan. A daminar da ta wuce, da zazzaɓin fitsarin ɓera ya shigo, Vasemaca ta riƙe jinin mutum biyar a kular ƙanƙara kwana huɗu tana kallon igiyar ruwa har ya lalace. Biyu daga cikinsu muka binne. Ɗayan Apakuki ne, abokinka da kuke tseren hawan kwakwa. Na aiko maka da hoton kabarinsa, ka turo mini hoton hannu biyu na addu'a.

Abin da Momo bai gaya maka ba shi ne yadda Jemage yake tashi. Ɗagawa tsaye shan batir ne da ita ba kaɗan ba. Minti ɗaya da zai yi a tsaye cikin iska, abin da ya sha zai kai shi kilomita bakwai ko takwas a kan fukafukai. Saboda haka duk dabarar ita ce ya yi maza ya bar tsayuwar. Amma nan ne kuma haɗarin yake, wurin da muke kira sauyi. Farfelar gindi za ta fara turawa, ya riƙa ƙara gudu, huɗun sama kuma su riƙa sakinsa a hankali har nauyin ya koma kan fukafukai. Daƙiƙa goma sha biyar ne ko ƙasa da haka, amma a cikinsu bai gama barin waɗancan ba, bai gama kama waɗannan ba, kuma sau da yawa sai ya ɗan nutsa ƙasa mita biyu ko uku kafin ya miƙe. Dole hancinsa ya fuskanci iska, don in ta biyo shi ta baya fukafukan ba su da abin kamawa. Dole kuma gabansa ya zama fili miƙaƙƙe, wajen mita ɗari biyu da hamsin, ba bishiya ba rufi, don in farfelar gindi ta ƙi, ya sami wurin da zai tsaya ya sauka ba tare da ya faɗa kan kowa ba. A can asibiti ba mai canza masa batir, akwati kawai ma'aikacin yake cirewa ya sa wani. Da abin da ya tashi da shi daga nan zai je ya dawo.

Sati shida na yi ina zaga tsibirin nan da igiyar awo da na'urar auna iska, har mata suka fara cewa na haukace. Bakin teku ba ya yiwuwa, in ruwa ya cika babu shi, in ya janye rairayi ya shiga inji. Filin makaranta yana cikin kwari a bayan tudu. Na kafa gora uku na ɗaura musu tsumma, na zauna ina kallo, kowane tsumma da inda ya nufa. Wuri ɗaya ne tak ya yi, ƙarshen dandalin ƙauye, dab da gidanmu. Daga nan in ka nufi yamma tudu ne da hasumiyar coci. In ka nufi arewa sai ka bi ta kan gidan sarki, dattawa kuma suka ce ba abin da zai wuce ta saman kan sarki, ni ma ban yi musu ba, don ni ma 'yar ƙauyen ce. Saura kudu maso gabas, inda iskar take fitowa tun daga Mayu har Oktoba, kuma can ne daidai. Hanyar ta ratsa ta bayan gidanmu ta faɗa teku, ba komai a kanta sai kwakwa biyu. Biyu na ce, Yaya, ka riƙe wannan.

Kada ka zaci gatari na fara tunawa. A watan Yuli na gwada tsallake su. Ɗayarsu ita ce ta cibiyarka, tsawonta mita ashirin da shida ne, ƙa'ida kuma ta ce a bar tazara mai kyau a saman duk abin da ke hanya, saboda haka na ɗaga shi har mita arba'in da biyar. Can sama iska ta yi ta marinsa, a bayan bishiyoyin kuma sai ta riƙa murɗawa. Zuwa dai ya je. Da ya dawo kuwa, sai da ya yi kusan minti biyu yana rawa a saman gidanmu yana neman yadda zai sauko. Ya taɓa ƙasa da saura kashi goma sha uku cikin ɗari na batir. Ƙa'idarmu ashirin. Na rage kaya, na cire ƙanƙara, jinin gwaji ya isa da ɗumi. Na gwada da sassafe, na gwada da rana, duk bai kai ba. Shugabata ta rubuto daga Suva, ba da faɗa ba, ta ce in ƙarshen Agusta ya zo ba mu da wurin tashi mai aminci, za a kai Jemage wani tsibirin, don akwai huɗu da suke jira.

Na tambaye ka, Yaya. Wannan ma Momo bai faɗa ba, amma wayarka za ta faɗa. Ran uku ga Agusta na turo maka hoto da zanen hanyar. Ran tara na sake. Ran sha biyar na sake, har da kuka a murya, abin da nake jin kunyarsa yanzu. Duk ka buɗe su, na ga alama. Sau ɗaya ka amsa, ka ce kana aiki, za mu yi magana. Na je wurin Baba sau uku. Biyun farko ya yi ta kallon teku kamar ba da shi nake ba, na ukun ya ce bishiyar ba tasa ba ce, shi dai ya haƙa rami ya sa cibiyar, ya ɗora kwakwar, daga ranar ta zama ta mai cibiya. Sai na ɗauki saiwar yangona, wadda ake damawa a sha a zaman manya, na kai wa dattawa ran Lahadi bayan coci, aka dama, aka zagaya da ƙoƙo, na jera duwatsu da tsinken ganyen kwakwa a kan tabarma na nuna musu komai. Suka tafa, suka ce madalla, 'yarmu ta yi karatu. Momo Sakiusa da bakinsa ya ce Litinin da safe zai zo da injin sare itacensa, wai kafin shayi ya huce an gama.

Litinin na share wuri na zauna jira, ba kowa. Talata ya aiko wai mai ya ƙare. Laraba wai sarƙa ta tsinke. Alhamis ina tsaye a ƙofar gida ina jin injin yana kuka a gonarsa, lafiyarsa ƙalau. To nan ne kuskurena, kuma na ɗauke shi: ni da aka haifa a Nakorotale na manta da irin e ɗin mutanenmu. Ba wanda zai ce maka a'a a gaban ƙwaryar yangona, za a tafa maka ne a raka ka har ƙofa, sannan a bar ka da kwanaki su gaya maka. Zaman Suva ya sa na ɗauki e a matsayin e, na zubar da kwana huɗu daga cikin 'yan kaɗan da suka rage mini.

Da yammacin Alhamis ɗin na same shi a kantin ƙauye, ya baje a kan buhun shinkafa yana ba mutane dariya da ni. Wai 'yar Suva ta dawo da tsuntsun roba, wai macen da ta haura talatin ba miji ai gara a ɗaura mata aure da Jemage a huta, shi zai ba da alade. Da ya gan ni bai fasa ba, sai ma ya gyara murya ya ce in ji da kyau, duk wanda aka sare kwakwar cibiyarsa zai yi ta gararamba a duniya, hanyar gida ta ɓace masa har abada. Na rusuna yadda ya kamata, na ce Momo, Allah ya ja da ranka, to wa ya sare ta Kitione shekara goma sha ɗaya da suka wuce? Sai Nei Lusiana matarsa ta fashe da dariya har garin fulawar da take aunawa ya zube. Ya ce mini marar kunya, ya ce ita kuma ta wuce gida. Ina jin tun daga ranar ya fara neman lambarka.

Juma'a ashirin da uku ga wata, rana na fitowa na ɗauki gatarin Baba. Da tawa na fara, Yaya. Abin da aka ɓoye maka ke nan. Kwakwa ta biyun da ke hanyar tawa ce, wadda Baba ya dasa a kan cibiyata shekara shida bayan taka, wadda ka koya mini hawa a ɓoye Inna ta zane mu tare. Na ce ba zan taɓa ta wani ba tawa tana tsaye. Sara na farko sai da na ji shi a cikina, na yi ta yi ina kuka ina share majina da gefen zane, kuma ban damu da wanda ya gani ba. Kowa ya gani kuwa, ƙauyen nan kaf suna bakin ƙofofinsu, maza sun harɗe hannu, ba wanda ya matso. Vasemaca ce kaɗai ta rufe ɗakin magani ta zo da fararen kayanta ta kama igiya. Ta ce in sara kawai, in ta faɗo mata ai asibiti kusa yake, kuma makullin yana aljihunta. Ta kuma ɗaga murya yadda za a ji ta ce ashe mazan Nakorotale ba su da ƙarfi sai na ɗaga ƙoƙon yangona. Wajen ƙarfe goma tawa ta faɗi. Tafin hannuna ya riga ya yi ruwa.

Da na koma kan taka, idona ya rufe, na fara sara ta gefen da bai kamata ba. Da na ci gaba a haka, kan ɗakin girkin Inna za ta kwanta. Sai na ji ƙwas ƙwas ɗin sandar Baba. Ya taho a hankali, bai dube ni ba, ya zaga bishiyar, ya ɗaga sanda ya buga gindinta sau uku ta gefen teku. Ya ce in mutum zai yi abu ya yi shi daidai. Iyakar maganarsa ke nan. Ya je ya zauna a kan kututturen tawa, bai tashi ba har la'asar, lokacin da taka ta yi ƙara ta tafi. Ƙasa sai da ta girgiza. Inna ta ƙwala kiran sunanka daga cikin ɗaki kamar an aiko da mummunan labari, ni kuma na zauna a ƙasa na kasa tashi. Kwana tara ba ta yi mini magana ba, abinci sai dai ta tura mini da gefen hannu. Amma tun a yammacin ranar na gan ta da kwando biyu tana tsince busassun kwakwa, na bishiyarka daban, na tawa daban, tana girgiza kowace a kunne.

Talata ashirin da bakwai muka tashi. Iska tana nan inda na san ta, tsumman gorana ya miƙe sak. Na tsara masa ya hau mita ashirin kacal, ya juya hanci kudu maso gabas, ya tsaya daƙiƙa uku, sannan ya tura. Vasemaca ta sa akwatin jini ta ja da baya tana addu'a a fili. Ya ɗaga, ya tsaya, farfelar gindi ta kama, ya fara tafiya. Ya nutsa mita biyun nan da na gaya maka, kuma daidai saman kututturenka ya nutsa, wurin da a da ganyenta suke. Yana kaiwa kan ruwa huɗun sama suka yi shiru, ya miƙe abinsa kamar ba shi ba. Bayan awa ɗaya da rabi ya dawo ta wannan hanyar, ya sauka lafiya da saura kashi ashirin da biyu. Daga ranar ya yi sawu shida, sau ɗaya kuma na hana shi tashi don iska ta yi yawa, aka yi ta gunaguni, ban kula ba. Maganin hawan jinin Momo a cikinsa yake zuwa. Nei Lusiana yake aikowa ta karɓa, kuma har gobe abin wasan Turawa yake ce masa.

To ka ji dalilin da ba zan ɗauki tambuwa ba. Kai ma ka san abin da durƙuson nan yake nufi. In na miƙa ta, na ce ke nan abin da na yi ɓarna ce, kuma na ba da kaina a yi yadda aka ga dama. Momo ya riga ya faɗa a kanti cewa ranar da na durƙusa, washegari Jemage zai bar tsibirin, a dasa ayaba a hanyarsa. Ba zan buɗe masa wannan ƙofa ba, ko da kai ne ka ce. In baƙin cikina kake so, kana da shi. Na ji zafin ɓata maka rai, ina ji har yanzu, kuma ba safiyar da zan fito in ga sararin nan a bayan gida ban ji wani abu ya tokare ni ba. Amma in tsaya gaban dangi in ce da na bar jini ya ci gaba da ruɓewa a kula, wannan ƙarya ce, kuma ba zan yi ta ba don in faranta wa mutanen da suka harɗe hannu suna kallona.

Zancen ba za ka ƙara taka ƙauye ba kuwa, Yaya, yi haƙuri da abin da zan faɗa. Bishiyar nan tana tsaye lafiya lau shekara goma sha ɗaya, tana zubar da 'ya'ya, muna sha muna ambaton sunanka. Tana tsaye kakarmu Bubu ta rasu tana tambayar ko jirginka ya iso. Tana tsaye aka ɗauki Baba a kwalekwale cikin ruwan sama aka je aka yanke masa yatsa. Ba ta kawo ka ba. Ban ce ka manta da mu ba, ban kuma ce aikin soja wasa ne ba, na san hutu ba a hannunka yake ba kullum. Amma kada ka ɗora wa gatarina abin da ya riga gatarin. Ina son ka, kai kaɗai gare ni, kuma ina jin haushinka ƙwarai, duka biyun gaskiya ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ka karanta har ƙarshe. Torika ta gaya mini wani abu, kuma in ka yi mata faɗa ban yafe ba. Ta ce cibiyar Isireli tana cikin ambulan a aljihun tebur, tare da fasfo ɗinku, wata biyar ke nan, don ba ku da ƙasar da za ku sa ta a bariki, kuma kai ka hana a yar. Ta ce wani lokaci kana buɗewa ka duba ka mayar. To kwakwar da Inna ta tsince sun tsiro. Tawa na dasa ta a gangaren bayan ɗakin girki, na auna da igiya, ko ta kai sama ba za ta shiga hanyar Jemage ba. Taka tana cikin tsohon bokitin fenti a inuwa, ganye biyu gare ta, Inna tana yi mata hira in tana wanke-wanke. Na kafa turke taku takwas daga tawa, amma ban haƙa rami ba, kuma na gaya wa Baba da Inna kada wanda ya haƙa. Baba ya duba ta ya ce zuwa watan Maris saiwar za ta fasa bokitin, daga nan ko ta shiga ƙasa ko ta mutu. Na sare maka ɗaya ba da izininka ba, ba zan dasa maka wata ba da hannunka ba. Ka nemi hutu, ka ɗauko ambulan ɗin da mai ita da uwarsa, ka zo ka haƙa raminka. In ka tsaya a kan kututturen ranar Talata ka ga yadda yake wucewa, ka kuma ga har yanzu durƙuson kake so, ka faɗa mini ido da ido. Zan saurare ka da ladabi yadda aka koya mini, amma ban yi maka alkawarin komai ba.

Baba yana gaishe ka, ya ce a gaya maka sandar da ka aiko ta yi masa gajarta amma yana amfani da ita. Inna tana gaishe ku, ta ce Torika ta riƙa shafa wa yaron man kwakwa, ba man Turawa ba. Nei Lusiana tana gaisuwa, haka Vasemaca, wadda ta ce har yau kafaɗarta tana ciwo saboda bishiyarka, ka zo mata da tsaraba. Fasto Eroni da matarsa suna gaisuwa. Matar Apakuki ta ce in gaishe ka da sunan marigayi. Momo Sakiusa ban tambaye shi ba, ai kuna waya. Ka gaishe mini da Torika da kyau, ka gaishe da Ilaitia da sauran 'yan tsibirinmu da ke bariki, ka sumbaci Isireli a goshi ka ce masa gwaggonsa mai taurin kai tana jiransa. Allah ya tsare ku, ya sada mu da alheri kafin bokitin ya fashe.

Ni ce ƙanwarka, ko ka amsa ko ba ka amsa ba,
Ulamila.